Ɗan rubutun da ke ƙarƙashin ƙarfe shida

A ƙasan fuskar agogo, daidai inda ƙarfe shida yake, akwai wani ɗan rubutu da sai mutum ya ƙanƙance ido yake iya karantawa: Swiss Made. A Damagaram wannan rubutun shi ke yanke ciniki. Mai saye a Kasuwar Dole ba ya tambayar irin ƙarfe, ba ya tambayar inji. Zai ɗaga agogon sama, ya nemi rubutun, in ya gani ya ce na asali ne, in bai gani ba ya ce ɗan Chaina, ya taya rabin kuɗi. Ni sana'ata wayar salula da kayanta, amma agogo ya daɗe a cikin hajata, kuma sarin waya yana kai ni Gwanzu a Chaina. Abin da na gani a can, da abin da dokar mutanen Suwis ɗin da kansu ta ce, ya sa wannan rabon na asali da ɗan Chaina ba ya gamsar da ni.

Dokar tana nan tun 1971, aka ƙara tsaurara ta daga 1 ga Janairun 2017. Kafin a buga wa agogo wannan suna, sai injinsa ya zama na Suwis, a can aka tsara shi, a can aka zuba injin cikin gidansa, a can aka yi masa dubawar ƙarshe, sannan aƙalla kashi 60 cikin 100 na kuɗin ƙirarsa a Suwis aka kashe su. Kuɗi fa aka ce, ba yawan kaya ba, kuma nan gizo ke saƙar. Albashin ma'aikaci a Suwis yana cikin mafi tsada a duniya, kuma har kuɗin zane da bincike ana sa su cikin lissafi. A ce an kashe jikka 100 wajen ƙera agogo. Gida da gilashi da fuska da hannaye da makunni, duk a yo su daga Asiya a kan jikka 35. Injin da ladar wanda ya haɗa, ya daidaita, ya rufe, su ci 65. Doka ta cika. Duk abin da idonka ke gani, duk abin da ke taɓa fatarka, daga waje ya zo, kuma ba wanda ya yi maka ƙarya. Sarƙar hannu ma ba ta shiga lissafin gaba ɗaya.

Ba ni kaɗai abin ya tsaya wa a rai ba. Wani ƙaramin kamfanin Suwis mai suna H. Moser & Cie, da dokar ta fara aiki a 2017, sai ya cire rubutun daga agogunansa baki ɗaya, don a ganinsa kashi 60 ya yi kaɗan ga wanda ke yin kusan komai a gida. Don ya ƙara ba da haushi, ya ƙera agogo ɗaya wanda gidansa da cukun Suwis aka yi, aka gauraya da wani irin ƙaro ya daskare, maɗaurinsa kuma fatar saniyar Suwis. Na yi dariya ranar da na ga hotonsa, amma saƙon ya isa inda aka aike shi.

Rarraba aiki kuwa ba yau suka fara ba. Tun zamanin da, a duwatsun Jura, manoma ne ke zama cikin ɗaki lokacin sanyi, wannan gida yana yin ƙafafun inji, wancan yana yin fuska, wani ɗan kasuwa ya bi ya tattara ya haɗa ya sa sunansa. Haka garuruwan La Chaux-de-Fonds da Le Locle suka ginu, har UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2009. Abin da ya canja shi ne nisan hanya. A ƙarshen 1969 Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai batir da ke aiki da dutsen kwats da ya shiga kasuwa, kuma cikin shekara goma sha biyar ma'aikatan agogo a Suwis suka faɗo daga wajen 90,000 zuwa wajen 30,000. Waɗanda suka tsira suka fara neman inda za a yi musu gida da sarƙa da sauƙi. Hong Kong ta fara karɓa, daga nan aikin ya tsallaka Shanzan da Donggwan.

A Donggwan ɗin ne wani ɗan Maraɗi da ke yi mana tafinta ya kai ni wata masana'antar gidajen agogo. Mai wurin ya jera mini gida uku a kan tebur. Da ido ba ka raba su, zubi ɗaya, ƙyalli ɗaya. Sai da na ɗauka a hannu. Na farko tutiya ce aka zuba a mazubi aka yi mata ruwan ƙarfe a sama. Na biyu inoks ne, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba 304. Na uku inoks 316L, wanda aka buga aka sassaƙa da inji, gefensa yana da kaifin layi, inda aka goge ya yi sheƙi da inda aka bar shi da zane-zane ba su shiga juna ba. Tsakanin na farko da na uku kuɗin ya ninka sau da yawa. Ya zaga da mu ɗakin guga, inda maza ke tsaye gaban dabaran da ke juyawa, fuska a rufe saboda ƙurar ƙarfe, kowa yana juya gidan agogo ɗaya a yatsunsa. A ɗakin gaba mata ne zaune da farar safar hannu, fitila a kan kowace, madubin ido ɗaya a fuska. Na tsaya bayan wata ina kallo. Ta ɗauki gida, ta juya shi a ƙarƙashin fitila, ta jefa shi cikin jan faranti. Na nemi a ba ni na duba, na juya, na juya, ban ga komai ba, sai da ta nuna mini da tsinke wani ɗan ƙwarzane a cikin kunnen da sarƙa ke shiga, wurin da ko mai agogon ba zai taɓa gani ba.

Na tambayi mai wurin ko kowa ake yi wa haka. Tafinta ya saurara, ya yi murmushi kafin ya juyo mini da amsar. Wai Turawan da ke ba shi aiki suna aiko da takarda mai shafuka, kaurin kowane gefe, irin ƙarfe, shaidar gwajin ƙarfen, sannan su turo nasu mutum ya duba, in kaya bai yi ba su mayar masa ya yi asara. Mu kuwa in mun zo, tambayarmu ta farko ita ce ta ƙarshe: nawa ne na ƙasa. Ban yi masa gardama ba, don na san abin da muke faɗa in mun shiga kasuwar agogo ta kusa da tashar jirgin ƙasa a Gwanzu. Araha ba ta ado. Kayan da ke cika teburanmu muke zaginsu, mu muka zaɓo su, kuma jan farantin nan ma yana da masu saye.

Damagaram kuwa ba ta yi wa ƙarfe kara. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, gumi yana kwanciya a ƙarƙashin agogo tun hantsi har la'asar, kuma gumi gishiri ne. Akwai wani dattijo mai gyaran agogo da teburinsa ke kusa da shagona, muna ce masa Baba. Yana da wani gwangwanin madara cike da murafen baya da ya cire wa mutane. In ka zazzage su za ka ga tarihin kowane. Na tutiya ruwan samansa ya ɓare, ƙasan ya yi fari-fari ya ɓurme. Na tagulla ya yi kore, irin koren da ke bari a wuyan hannu. Na inoks mai araha kuma yana da ƙananan ramuka kamar an caccaka da allura, musamman a cikin zaren murfi inda gumi ke maƙalewa ya bushe. Bambancin 304 da 316L wani sinadari ne, molibdenam, kashi 2 zuwa 3 cikin 100, shi ke hana gishiri haƙa waɗannan ramuka. Rolex tun 1985 ya fara amfani da 904L, wanda molibdenam ɗinsa ya kai 4 zuwa 5, nikel da kuromiyam ɗinsa sun fi yawa, da ɗan jan ƙarfe a ciki. A 2018 suka raɗa masa suna Oystersteel. Ƙarfe ne mai kyau, yana ɗaukar guga, yana da wuyar sassaƙa, kuma asalinsa masana'antun sinadarai masu aiki da asid aka yi wa shi. Amma ba ya hana ƙwarzanewa fiye da 316L, kuma a ganina wuyan hannun mutum, ko ɗan kabu-kabu ne da ke yini a rana, 316L ya ishe shi. Ƙarfen da ke jikin agogo ɗaya, ko wane iri ne, kuɗinsa 'yan jikkuna ne. Miliyoyin da ake biya ba na ƙarfe ba ne.

Akwai kuma abin da mai zanen agogo a Jeneba ba lalle ya sa a lissafi ba, wato alwala. Mutuminmu yana cire agogo sau biyar a yini, ya mayar da hannu da sauran danshi. Sau 1,825 ke nan a shekara makullin sarƙa ke buɗewa ya rufe. Shi ya sa in zan duba ingancin agogo, makullin nake fara dubawa. Na farantin ƙarfe da aka lanƙwasa yana saki da wuri, ya fara ɓallewa da kansa a kan babur. Wanda aka sassaƙa daga curin ƙarfe yana rufewa da ƙara ɗaya, ƙas, kuma haka zai yi ta yi. Masu barin agogo a hannu su yi alwala da shi saboda sun ga an rubuta 30M su sani, wannan lambar gwajin matsi ce a ɗakin gwaji, fantsalin ruwa kawai ta lamunce, kuma robar da ke tare ruwan zafi yana busar da ita ta tsage.

Gilashi ya fi ƙarfe saurin tona asiri. Akwai ma'aunin tauri na Mohs, daga 1 zuwa 10, lu'u-lu'u ne a kan 10. Gilashin agogo na yau da kullum yana tsakanin 5 da 6. Rairayi, wanda mafi yawansa dutsen kwats ne, yana kan 7. Ke nan duk lokacin da hunturu ya lulluɓe gari, ka sa hannun riga ka share fuskar agogonka, kana goga masa abin da ya fi shi tauri. Bayan hunturu biyu ko uku sai fuska ta yi hazo. Gilashin safir yana kan 9, rairayi ba ya kama shi. Mutane suna jin safir sai su ɗauka daga rami aka haƙo shi. Ƙera shi ake yi, ana narka garin sinadarin alminiyam da wuta mai zafin sama da digiri 2,000, dabarar da wani Bafaranshe Auguste Verneuil ya bayyana a 1902. Da irin wannan dabara ake yin jajayen duwatsun cikin inji, waɗanda ake rubuta 17 ko 21 ko 25 a bayan agogo. Na sha ganin mai saye yana ƙara kuɗi saboda yawan duwatsu. Aikinsu rage gogayya ne a inda ƙafafu ke juyawa, kuma ba su da wata tsada. Safir kuwa yau ana yanka shi a Chaina da yawa har ya sauko kan agogunan da talaka ke iya saye. Aibinsa ɗaya, in ya daki dutse ko siminti yana tarwatsewa, ɓurɓushin ya shiga inji. Tsofaffin agogunan iyayenmu masu fuskar roba, in sun yi hazo Baba da man goge baki yake dawo da su.

Su alhazan da, da suke dawowa daga Makka da Rado mai faffaɗan goshi, sun san abin da suka saya. DiaStar ɗin nan tun 1962 aka fito da shi, goshinsa na tangistin kabaid ne, ga gilashin safir. Har yau in ka ga ɗaya a hannun dattijo a masallacin Juma'a na Birni, sarƙar ta tsufa amma goshin yana ƙyalli.

Zinari ba sai na daɗe a kansa ba. Karat 18 shi ne kashi 750 cikin 1,000, kuma ana buga lambar 750 a jikin gida. Abin da ke yawo a kasuwarmu ruwan zinari ne, wanda kaurinsa bai kai silin gashi ba. Suwis ba ƙasar haƙar zinari ba ce, tacewa ta iya, kuma manyan matatun duniya irin Valcambi da Metalor a can suke. Zinarin da kansa baƙo ne daga ƙasashe irin namu. Samarin unguwarmu da suka kwasa zuwa Jado haƙar zinari a 2014 sun fi masu agogon sanin wahalar fito da giram ɗaya.

To me ya rage wa Suwis? Da yawa, kuma ba na son a ce na zo rushe musu gini. Inji na nan. Shahararren injin nan ETA 2824-2 yana bugawa sau 28,800 a awa, sau 8 a daƙiƙa, sau 691,200 a yini. Abin da ke riƙe da wannan bugun wata siririyar waya ce a naɗe, ba ta kai gashi kauri ba, kuma kamfanoni ƙalilan ne a duniya suka iya yin ta da kyau. Nivarox na rukunin Swatch ya daɗe yana sayar wa mafi yawan masu ƙera agogo a Suwis, har da abokan gasarsa. Wannan siririyar wayar ce kuma ke kama maganaɗisu in an kwantar da agogo a kan salula ko kusa da lasifika, ya fara gudu da mintoci, abin da nake gani kullum tunda waya nake sayarwa. Da wa'adin kariyar zanen 2824 ya ƙare, Sellita a Suwis ya yi nasa, SW200, Seagull a Tiyanjin ya yi nasa, ST2130. Wannan Seagull ɗin ba ɗan jiya ba ne, tun 1955 masana'antar take, kuma a farkon shekarun 1960 suka sayi injinan ƙera Venus 175 daga hannun Suwis ɗin da kansu. Baba ya buɗe duka ukun a gabana a lokuta daban-daban. Abin da yake cewa shi ne zane ɗaya ne, amma in ka ɗauki na Chaina goma, wasu za su zo tsaf, wasu da ɗigon mai ya yi yawa a nan ya yi kaɗan a can, wani da ɗan zare a ciki. In ya wanke ya sa mai ya daidaita, yana tafiya daidai. Na Suwis goma kuwa goman suke zuwa iri ɗaya. Wanda aka kai wa hukumar COSC, mai gwada daidaiton agogo a Suwis, ma sai ya kwana 15 ana gwada shi a kwance da tsaye, a sanyi da zafi, kuma kada ya yi jinkirin da ya wuce daƙiƙa 4 ko gaggawar da ta wuce 6 a yini. Wannan tabbacin ake biya, da sunan, da tallan.

Akwai kuma waɗanda suka toshe ƙofar gaba ɗaya. Rolex ya saye masu yi masa kaya ɗaya bayan ɗaya, Gay Frères mai sarƙa a 1998, Beyeler mai fuska a 2000, Aegler mai inji a Biyen a 2004, kuma yana narka zinarinsa da kansa a Plan-les-Ouates kusa da Jeneba. Amma irinsu ba su da yawa. A matsakaitan agoguna, waɗanda ma'aikaci ko ɗan kasuwa ke iya tara kuɗi ya saya, gida da sarƙa daga Asiya abu ne da kowa a sana'ar ya sani, ba a dai rubutawa a takardar talla.

Mu 'yan ƙasar Hausa bai kamata wannan ya zame mana baƙon labari ba. Fatar jar akuya da majemanmu suka jeme a Kano da Sakkwato, ayari ya ɗauka ya bi ta nan, ya yada zango a Zango, ya haura Agadas ya ƙetare sahara, in ta isa Turai sai a kira ta fatar Maroko, a yi bangon littattafai masu tsada da ita. Wanda ya jeme daban, wanda sunansa ya hau daban, kuma ingancin fatar bai ragu ba don an ɓoye majemi.

Kada dai a haɗa wannan da jabu. Masana'antar da ta yi wa kamfani gida bisa odarsa da awonsa halal ta ci. Wanda ya buga kambin Rolex a kan agogon da ba Rolex ya yi ba ɓarawon suna ne, ko da ƙarfensa 904L ne na gaske, kuma yanzu akwai masu yin hakan har da injin da ya yi kama. Ni ba na sayar da su. Na fi son in miƙa wa mutum Seiko 5 ko Orient ko Casio da sunansa na gaskiya, ko ɗan Chaina mai sunan kansa da 316L da safir, in faɗa masa abin da ke ciki.

Inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne wajen gyara. Manyan kamfanonin sun daina sayar wa masu gyara na kan titi kayan gyara, sai wanda suka amince da shi. Kwanan baya wani Alhaji daga Sabon Gari ya kawo wa Baba agogonsa, na gaske ne, da takardunsa, makunnin ya cinye zare, danshi ya fara taruwa a cikin gilashi.

"Baba, na asali nake so a sa mini, ko nawa ne."

"Alhaji, ranka ya daɗe, na asali ba za su sayar mini ba ko na kai musu kuɗi a buhu. Sai dai ka aika shi waje, ka biya jirgi, ka biya su, ka jira watanni. In kuma ka yarda, yaron nan zai yi tafiya bayan salla, in ba shi awo ya samo mana makunni da roba."

Alhaji ya yi shiru, ya tambayi abin da aikawar za ta ci, ya ce a ba yaron awon. Baba ya ɗauko ma'auninsa ya gwada bututun makunnin da kaurin robar, ya rubuta mini lambobin a bayan kwalin batir, ya ja mini kunne kada in karɓo mai ruwan ƙarfe, inoks zalla yake so, kuma roba in sayo uku don biyu su zauna a ajiye. Tsohon makunnin kuma ya ƙulle shi a 'yar leda ya ba Alhaji, ya ce ya adana tare da takardun, don ranar da za a sayar da agogon a Kano ko Dubai, mai saye zai tambaye shi.